Kafin Mu Sake Ɗora Tubali: Taswirar Ambaliya da Gidajenmu na Kokoro

'Yan'uwa mazauna Kilomita Biyar da kewayenta, musamman mutanen Kokoro.

Duk shekara idan damina ta ja baya a Bangui, ƙurar rani ta fara tashi a kan titin Koudoukou, abin da ido ya fi cin karo da shi a lungunanmu shi ne tubali shanye a rana. Wanda ruwa ya kayar wa bango yana gaggawar mayar da shi kafin hadari ya sake haɗuwa. A kwaɓa ƙasa, a kira magini, a nemo rancen kuɗin kwano, kuma galibi a kan tsohon tushen nan muke ɗora sabon gini, da tsayinsa na da, ƙofarsa na kallon inda ta saba kallo. Shekara ta zagayo, ruwa ya biyo hanyarsa ta bara, ya tarar da bangon a inda ya bar shi.

Akwai wata takarda da masana ke kira taswirar haɗarin ambaliya, wadda aikinta shi ne ta nuna inda ruwa zai kwanta, da zurfinsa, da ƙarfin gudunsa, kafin ya zo. A ƙasashe da dama, ita ake fara shimfiɗawa a gaban jama'a bayan bala'i, kafin a ɗora tubali ko guda. Mu a nan muna da dalilin jin tsoron irin wannan takarda, kuma muna da matuƙar buƙatarta. Ra'ayinmu shi ne mu koyi karanta ta, mu kuma sa hannu a zana ta, domin idan muka bar ta ga wasu, za a zana ta a kanmu ba tare da mu ba.

Sai mu fara da sanin ruwan da muke magana a kai, domin ruwa biyu ne ke cin Bangui, kuma halinsu ya bambanta.

Na farko shi ne na kogin Ubangi. Wannan kogi yana samuwa ne daga haɗuwar Mbomu da Uele, can nesa a gabas, yana kwaso ruwan da aka yi a dazuzzukan da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Yakan cika a watannin Oktoba da Nuwamba, ya taso a hankali, kwana bayan kwana, ko da sama tana tangaran a kan birnin. Shi ne ya yi ɓarnar watan Oktoban 2019, lokacin da ya haura gaɓa ya shiga unguwannin gundumomi na 2 da na 6 da na 7 da kuma Bimbo, ya tashi mutanen tsibiran da ke tsakaninmu da Zongo, har gwamnati ta ayyana abin a matsayin bala'i na ƙasa. Dubun-dubatar mutane suka rasa matsuguni, wasunsu suka yi zaman gudun hijira a zauren wasanni na Omnisports. Ruwan kogi idan ya zo ba ya saurin tafiya. Yakan yi makonni a kwance.

Na biyu shi ne namu, ruwan sama. Bangui tana samun abin da ya kai milimita 1,500 a shekara, kuma wani lokaci rabon kwanaki da yawa yakan sauko a dare ɗaya. Turawan Faransa sun kafa birnin a 1889 a bakin kogi, a gindin duwatsun Gbazabangui, daga nan ne ake ƙirga tazarar da ta ba unguwarmu sunanta. Da birni ya yi ta faɗaɗa, sai ya malalo yamma, kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda wani ɓangarenta fadama ce a da. Ruwan da ya sauka a kan tuddai dole ya gangaro ya nemi Ubangi ko kogin Mpoko, kuma hanyarsa ta ratsa ta cikinmu, ta manyan magudanai irin su Kokoro da Bouagba da Kouanga. Idan suka cika, ko suka toshe, sai ya shiga gidaje. Irin wannan ruwa ne ya raba mutum kimanin 14,500 da gidajensu a daminar 2009, yawancinsu a unguwannin kudu maso yammacin birni. Yana zuwa cikin sa'a guda, sau da yawa da tsakar dare, ya janye kafin azahar, ya bar gindin bango a jiƙe. Tubalin ƙasa kuwa daga gindi yake mutuwa: ya sha ruwa, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, bayan kwana biyu ko uku a ji rugum, alhali rana tana haskawa.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai karanta taswira. Taswirar da aka zana don nuna iyakar cikar kogi za ta iya barin Kokoro fari fat, mai gida ya duba ya ce ya tsira. Saboda haka duk wanda ya nuna mana taswira, tambayar farko ita ce: ta wane ruwa ce?

Yadda ake yin ta ba sihiri ba ne. Ana auna tudu da kwarin ƙasa daga sama, da jirgi ko da ƙaramin jirgi marar matuƙi ko da tauraron ɗan'adam. A haɗa da lissafin ruwan saman da aka rubuta shekara da shekaru, da faɗi da zurfin magudanai, da yanayin ƙasa, wadda ke shan ruwa da wadda siminti da kwano suka rufe. Sai a ɗora wa kwamfuta ta yi lissafin inda ruwa zai bi idan an yi sama mai yawa kaza. Abin da ya fito a shafa masa launi. A bisa al'ada ja yana nufin haɗari mai tsanani, ruwan ɗorawa matsakaici, kore ko fari kuma sauƙi, amma kowace taswira tana da bayanin launukanta a gefe, kuma shi ya kamata a fara karantawa. Taswira mai kyau tana faɗin abu uku: zurfin ruwa, da gudunsa, da daɗewarsa. Ruwa iya gwiwa mai gudu ya fi ruwa iya ƙugu mai kwanciya saurin ɗauke yaro, shi kuwa mai kwanciyar ya fi cin gini.

Akwai kuma wata magana da ke ruɗin mutane, wato idan aka ce "ambaliyar shekara ɗari". Mai ji sai ya ɗauka tunda an yi ta bana, shi da ita sai jikokinsa. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ta auku, kuma ta bana ba ta rage komai daga rabon baɗi. Wanda ya zauna shekara 30 a irin wannan wuri, yiwuwar ya gan ta ko sau ɗaya ta ɗan haura ɗaya cikin huɗu. Wadda ake kira ta shekara goma kuwa, a cikin shekara goma yiwuwar zuwanta ta kusa biyu cikin uku. Duk ɗan kasuwar da ya san riba da faɗuwa ya san wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

To, me ya sa muke ɗari-ɗari da takarda mai amfani haka?

Amsar tana cikin abin da ya same mu tun daga ranar 5 ga Disamban 2013. Ba sai an tuna wa kowa ba. Kilomita Biyar ta zama kamar tsibiri, fita daga cikinta ta zama sayar da rai. Dangi da yawa suka hau manyan motoci zuwa Kamaru da Cadi. Unguwannin da ke bakin iyaka, irin su Kokoro da Fondo da Boeing, suka zama kufai. Maƙwabtanmu Kiristoci da yawa suka koma sansanin filin jirgin sama na Mpoko, wanda a wani lokaci ya ɗauki mutum kusan 100,000, ba a kuma rufe shi ba sai wajen ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017. Da aka fara dawowa, wani ya tarar da ciyawa a inda ɗakinsa yake, wani ya tarar an kwashe kwano da ƙofa, wani ya tarar da baƙo a ciki. Mutane da yawa ba su da takardar mallakar fili, ko kuma ta ƙone. Shaidarsu ita ce mai unguwa da maƙwabta da bishiyar mangwaron da mahaifi ya dasa. Ga kuma tsohuwar maganar nan da aka sha jefa mana, wai mu baƙi ne, duk da kakanninmu da ke kwance a ƙasar nan.

Mutumin da ya sha wannan, idan aka zo masa da takarda mai jan fenti a kan gidansa, ba ruwa yake fara gani ba, kora yake gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tsoro ba wauta ba ne, kuma ba mu kaɗai muka taɓa jin sa ba.

A ƙarshen watan Agustan 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka, katangun da ke tare ruwa suka karye, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. A watan Janairun 2006 kwamitin da magajin gari Ray Nagin ya kafa don sake gina birnin ya fito da tsarinsa, jaridar garin ta buga taswira mai ɗauke da korayen da'irori a kan wasu unguwanni masu kwari, alamar ana iya mayar da su filayen shaƙatawa da matattarar ruwa. Da yawa daga cikin wuraren na baƙaƙen fata ne da masu ƙaramin ƙarfi, kuma masu su suna warwatse a wasu jihohi, ba a zauna da su ba. Mutum yana gudun hijira ya ga an ɗiga kore a kan gidan uwarsa. Jama'a suka fusata, mutanen unguwar Broadmoor suka haɗa kai suka tsara nasu shirin dawowa, daga ƙarshe aka watsar da tsarin. Lissafin kwarin ƙasar bai canza ba, amma an rasa amincewar mutane, kowa ya koma ya yi gini yadda ƙarfinsa ya kai. Abin da ya fi shiga rayuwar mutane daga baya shi ne wasu taswirori na hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, waɗanda suka fito a watan Afrilun 2006, masu gaya wa mai gidan da ya lalace ƙwarai tsayin da zai ɗaga daɓensa, a wurare da yawa kimanin mita ɗaya daga ƙasa.

Shekara bakwai bayan Katrina, a ƙarshen Oktoban 2012, guguwar Sandy ta bugi New York. A wata ƙaramar unguwa ta bakin teku mai suna Oakwood Beach, mazauna da kansu suka zauna, suka duba tarihin ruwan da ya sha cin su, suka kafa kwamiti, suka nemi gwamnatin jiha ta saye gidajensu. A 2013 aka amince a biya su bisa darajar gidajen kafin guguwa. Aka rushe gidajen, fadama ta koma fadama. A duka biranen biyu taswira ta faɗi magana iri ɗaya, cewa wurin nan na ruwa ne. A na farko an yanke hukunci a bayan idon masu gida, a na biyu su suka yanke, aka kuma biya su abin da zai saya musu wani muhalli.

Ba mu da dukiyar Amurka, amma akwai misalin da ya fi kusa da aljihunmu. A birnin Darussalam na Tanzaniya, tun daga 2015, wani shiri mai suna Ramani Huria ya haɗa ɗaliban jami'a da mazauna unguwannin talakawa, suka bi lungu-lungu da wayoyin hannu suna rubuta kowace kwata, da faɗinta, da inda ta toshe, da gidajen da ruwa ke shiga, suka ɗora a kan taswirar intanet ta OpenStreetMap wadda kowa ke iya buɗewa. Dalilin yin haka a fili yake. Ido daga sama yana ganin tudu da kwari, amma ba ya ganin kwalbatin da ledoji suka cushe, ko katangar da aka gina bara ta tare lungu, ko ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar tubali. Kwamfuta takan ɗauka magudana a buɗe take kamar ranar da aka gina ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ilimi muna da shi jibge, sai dai ba a rubuce ba. Iyayenmu mata sun san ƙofar da ruwa ke fara shigowa da wadda yake fita, domin su ke kwashe shi da roba. Dattawanmu sun san inda aka taɓa kamun tarwaɗa kafin a yi gini. Masu tura amalanke da 'yan babur sun san lungun da ba ya biyuwa bayan an ɗauke ruwa. Kowane bango da ya tsira yana ɗauke da layin laka, wanda shi ne ma'auni mafi gaskiya da muke da shi, mu kuwa sai mu yi sauri mu shafe shi da yaɓe. Kafin a shafe, a sa tsinken awo a auna shi daga ƙasa, a ɗauki hoto, a rubuta rana da wata da shekara. Littafi guda a hannun mai unguwa, da matasa biyar masu waya, sun isa su tara abin da injiniya zai yi watanni yana nema. Jami'ar Bangui tana da masana wannan fanni, irin su Cyriaque-Rufin Nguimalet, wanda ya daɗe yana nazarin Ubangi da ambaliyar birnin nan. Unguwar da ta zo da littafinta a hannu, zaman da za ta yi da masana da hukuma ya bambanta da na wadda ta zo sauraro kawai.

Idan taswira ta samu, ta masana ce ko tamu ta hannu, amfaninta na farko ga yawancinmu shi ne ta gaya mana yadda za mu yi gini a inda muke. Wanda ya san ruwa yana kai santimita 40 a ƙofarsa, ya san daɓensa ya kamata ya haura haka da tazara. Wanda ba shi da kuɗin bulo ko gasasshen tubali na gida duka, ya zuba ɗan abin da yake da shi a gindi: tushe na dutsen marmara da siminti, layuka na ƙasa da gasasshen tubali har su wuce layin laka, sannan ɗanyen tubali ya ci gaba daga nan. A bar kwano ya zarce bango sosai don kada feshi ya riƙa cin sa. A ɗaga bakin rijiya, a ɗaga bakin masai, a nisanta su da juna, domin idan ruwa ya haɗa su, abin da ke biyo baya shi ne gudawa da zazzaɓi a kan yara. Ɗan kasuwa ya san buhun shinkafa da na sukari da bandir na atamfa ba su da wurin zama a ƙasa. Katako huɗu da ƙusa sun fi asarar jari araha. Takardun gida da na haihuwa a sa su a leda a rataye sama, domin mun riga mun ga abin da rashinsu ke jawowa.

Amfaninta na biyu ya shafi zaman tare. Idan kowa ya cika filinsa da ƙasa ya ɗaga shi ba tare da duban na kusa ba, ruwan bai ragu ba, an tura shi ne gidan wanda ba shi da kuɗin tifa, kuma sau da yawa gidan bazawara ne ko na tsoho. Taswira tana nuna hanyar ruwa daga farkonta zuwa ƙarshenta, ta nuna cewa ledar da aka jefa a kwata a kasuwa tana iya kwana a ɗakin wani a Kokoro, abin da muka zubar mu ma yana sauka kan na ƙasa da mu. Magudana ɗaya ce ta ratsa ta ƙofar Musulmi da ta Kirista, ta mai jin Hausa da mai jin Sango kaɗai. Bayan rikici an yi ayyukan tituna da magudanai a gundumomi na 3 da na 5 da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, da asusun Bêkou na Tarayyar Turai, matasa da yawa suka sami aikin yini a ciki. Amma magudanar da aka gina ba a yashe ta, bayan damina biyu ta zama juji. Yasar kwata kafin ruwan farko aikin gayya ne, irin wanda kakanninmu suka sani tun daga ƙasar Hausa, kuma yana cikin 'yan ayyukan da za su fito da mu da maƙwabtanmu rana ɗaya, da shebur a hannu, a kan buƙata ɗaya.

Saura magana mai ɗaci, wadda ba za mu kauce mata ba. Akwai gidajen da ke zaune a kan bakin magudana, wasu ma a cikin hanyar ruwan kanta, waɗanda babu tsayin daɓen da zai cece su, kuma zamansu a wurin yana ƙara wa na bayansu ruwa. Taswira ta gaskiya za ta shafa musu ja, littafinmu ma zai nuna haka. Abin da ya rage shi ne sharaɗin tashi, kuma a nan ne haɗin kai yake da rana. Kada a taɓa gidan kowa sai an zauna da shi, an ƙirga abin da ya mallaka, an biya shi kafin rushewa. A karɓi shaidar mai unguwa da maƙwabta ga wanda takardarsa ta salwanta a rikici, a kuma tuna da mai haya, da wanda har yanzu yake Garoua-Boulaï ko Njamena bai dawo ba. Kada a kai mutumin da abincinsa ke kasuwar Kilomita Biyar wani daji mai nisa, babu ruwan sha, babu makaranta, babu tsaro, domin zai dawo ya kafa rumfa a bakin kwatar nan. Kuma ma'auni ya zama ɗaya: jan da ya hau gidan talaka ya hau katangar mai kuɗi idan ita ma ta tare ruwa.

Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata da na matasa, su nemi ofishin magajin garin gunduma ta 3 ya fito da duk taswirar ambaliya da aka taɓa zanawa a kan yankinmu, a manna ta inda kowa zai gani, a yi bayaninta da Sango da Hausa da Fulatanci da Larabci, a buɗe ƙofar gyara ga wanda ya ga an yi kuskure a kan lungunsa. Mu kuma a namu ɓangaren mu fara littafin tun daga wannan rani. Wanda ke da hoton layin ruwa a bangonsa, ko ya tuna shekarar da ruwa ya fi hawa a lungunsu da inda ya tsaya, ya kai wa mai unguwarsa, ya kuma tambayi tsofaffin gidansu tun suna tare da mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana gidajenmu da 'ya'yanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.